Kuɗin hayar shekara biyu da na zuba a Agege babu rasit

Wallahi har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. A 2012 ne, amarya za ta tare, ni kuma mu bakwai ne a ɗaki ɗaya a unguwar Agege ta Legas, sai mun fita kasuwa da asuba masu gadi ke dawowa su samu wajen miƙe ƙafa. Da kyar na samu ɗaki a irin gidajen nan na fes-mi-ai-fes-yu, ɗaki sha huɗu bayi ɗaya, da safe kowa da butarsa a layi sai ka ce gidan mai. Kiyateka, wato mai kula da gidan, ya ce shekara biyu zan biya. Na ƙirga masa dubu 96 a hannu a teburin mai shayi, ban da na agrimen da kamisho, ya ce rasit gobe. Goben da har yau ba ta yi ba.

Kuma fa na san dokar haya ta Legas, abin da ke ƙona min rai ke nan. Tun 2011 Gwamna Fashola ya sa mata hannu, cewa ba a karɓar fiye da shekara ɗaya daga sabon ɗan haya, ban da su Ikoyi, Victoria Island, Apapa da Ikeja GRA da aka cire, wato mu talakawa aka yi wa ita. Amma ga biki ya matso ga mutum uku na jiran ɗakin, wa zai tsaya karanto doka.

Wata sha ɗaya mai gida ya kori kiyatekan ya kawo wani, sabon ya buɗe littafi ya ce shekara ɗaya aka rubuta min. Na tafi wajen lauya ina cika ina batsewa, a zatona yau zan ɗaure mutum. Ya ce malam ina rasit? Shiru. Sai ya nuna min inda dokar ta ce wanda ya biya fiye da shekara shi ma ya yi laifi, tarar dubu 100 ko wata uku a gidan yari. Tarar ma ta fi abin da na biya! Gumi ya keto min.

Kawuna da ya tsufa a Legas dariya ya dinga yi. Ya ce kai yaro, ai a 1997 gwamnan soja Marwa ya raba gari shiyya-shiyya ya yanka farashin ɗaki har da kotun haya, masu gida suka koma rubuta na gwamnati a rasit su amshi cikon ta bayan fage. A ganinsa tsohon gwamna Jakande ne kawai ya gane, shi da ya gina gidajen. Ban musa ba, amma ai ko a lokacin rasit ɗin ana ba da shi, ni ko na ƙarya ban samu ba.

Abin da ya cece ni, ɗan hayar shekara sai an ba shi notis na wata shida, sannan na kwana bakwai, sannan kotu, ba a watso kaya haka kawai. Da wannan muka zauna sulhu, na sake biyan rabin shekara ina ji ina gani. Yanzu ko ɗan uwana ne mai gida ta banki nake turawa in rubuta hayar wata kaza zuwa kaza.

Tsohon kiyatekan kuwa na gan shi bara a tashar Agege, har da ce min sannu Alhaji, ya amarya.