Abin da littafin sa-hannu ba ya nunawa

Duk ɗalibin likitanci da ya zo sashen mata da haihuwa yana riƙe da littafin da muke sa masa hannu: haihuwa nawa ya gani, nawa ya karɓa, tiyata nawa ya tsaya. Duba ɗalibai a Birnin Kebbi ya koya mini cewa littafin kan cika fal alhali mai shi bai taɓa zama da yarinya 'yar shekara 13 ya ji damuwarta daga bakinta ba. Laifin ba nasu ba ne su kaɗai. Sashen yara na ganin matsalar ta likitan mata ce, likitan mata kuma da matan aure ya saba.

A takarda kam sun iya. Za su zayyano maka matakan balaga 5 na Tanner, su ce a binciki wadda ta kai 15 ba ta fara al'ada ba, da wadda ta fara ƙirgar dangi kafin shekara 8. A gaban marar lafiya ake rarrabewa. Ga yarinya 'yar 14, ba ta taɓa ganin jini ba, mara ta kumbura, gida har an fara yi mata kallon mai ciki. Sau da yawa tantanin budurci ne a toshe, jinin ya taru a ciki, ƙaramar tiyata ce maganinsa. Tambaya ɗaya ke buɗe hanya: ciwon duk wata yake zuwa? Amma ɗalibin da ke kallon uwa yana rubutu ba zai ji amsar ba, domin yarinyar ta sunkuyar da kai tun shigowarta.

Shi ya sa a jarrabawar OSCE, wadda ɗalibi ke zagaya tashoshi yana nuna aikin asibiti a aikace, nake son a ware tasha guda, nas ta fito a matsayin uwa, ɗaliba a matsayin 'ya. Abin da nake ba maki ya wuce gano cuta. Wa ɗalibin ya fara yi wa magana? Ya iya cewa, "Mama, don Allah ki ɗan ba mu wuri, ga nas nan za ta zauna da mu," ba tare da ran uwar ya ɓaci ba? Ya nemi yardar yarinyar kafin ya duba ta? Wanda ya miƙa hannu ga ƙarfen duba mahaifa don ƙaramar yarinya ya faɗi a wurina, komai haddarsa, tunda duba da ido kan wadatar. Haka wanda bai tambayi ko wanzami ya taɓa cire mata angurya ko yankan gishiri ba.

Akwai kuma batun tafinta. Kebbi ba Hausa kaɗai ake ji ba, akwai Zabarmanci da Fulatanci da Dakarci, kuma ɗalibin da ya bar yayan yarinyar namiji ya fassara zancen al'ada ya rufe bakinta da kansa.

Ina son kowannensu ya leƙa cibiyar yoyon fitsari ta Gesse da ke Birnin Kebbi, ya ga abin da doguwar naƙuda ke yi wa mai ƙananan shekaru. Tun da Najeriya ta fara rigakafin ƙwayar cutar HPV a Oktoban 2023 ga 'yan shekara 9 zuwa 14, na ƙara tambaya a tashar: uwa ta ce ta ji allurar na hana haihuwa. Yawancinsu sun san tana kare sankarar bakin mahaifa. Kaɗan ne ke fara tambayar ta inda ta ji, su bari ta gama magana.