Ƙasar da Ke Ɗaga Tuta Don Marubuta

Baƙon da ya sauka Finlan, kafin ya cika shekara zai lura da wani abu. Gari zai waye ranar aiki, ba hutu ba biki, amma an ɗaga farar tuta mai shuɗin gicciye a harabar gidaje da gaban ofisoshi. In ka duba kalanda, sau da yawa marubuci ake tunawa. Ranar 5 ga Fabrairu ta Runeberg ce, mawaƙin da ya rubuta baitocin taken ƙasa. Ta 28 ga watan kuma ta littafin Kalevala ce. Akwai 19 ga Maris ta Minna Canth, da 9 ga Afrilu ta Mikael Agricola, da 12 ga Mayu ta Snellman, da 6 ga Yuli ta Eino Leino, da 10 ga Oktoba ta Aleksis Kivi. An ce baƙo ko da ido makaho ne, kuma yawancinmu mukan wuce ƙarƙashin tutocin nan muna saurin kama bas, ba mu tambayi na mene ne ba. Alhali kuwa amsar tana bayyana halin mutanen fiye da duk takardun da ake raba mana a ajin koyon harshe.

Ɗaruruwan shekaru Finlan tana cikin masarautar Suwidin, sai a 1809 ta koma hannun sarkin Rasha, ba ta sami 'yanci ba sai 6 ga Disamba 1917. A mafi yawan wannan zamani harshen Suwidin ne na kotu da ofis, Finlanci kuwa na manoma ne da barori. Agricola, malamin coci, ya buga littafin koyon karatu da Finlanci a 1543, ya fitar da fassarar Sabon Alkawari a 1548, amma harshen ya daɗe bai wuce coci da gona ba. Wani likita, Elias Lönnrot, shi ya bi ƙauyukan yankin Kareliya da ke gabas yana rubuta waƙoƙin baka daga bakin tsofaffi, ya jera su suka zama labari ɗaya. Kalevala ke nan, ta fito a 1835, aka faɗaɗa ta zuwa waƙoƙi 50 a 1849. Da ita masu ilimi suka kafa hujjar cewa mutanen da ake rainawa suna da tarihi da hikimarsu.

Littafi ya ba da alfahari, amma jarida ce ta kai shi gida-gida. Snellman, masanin falsafa, ya fara buga jaridar Saima a garin Kuopio a 1844, da harshen Suwidin, yana jan hankalin manya su koma ga harshen talakawa. Hukuma ta rufe ta a 1846. Suometar ta biyo baya da Finlanci a 1847. A 1850 aka hana buga komai da Finlanci in ba na addini ko na tattalin arziki ba, abin da ke nuna masu mulki sun gane ƙarfin abin tun da wuri. A 1863 sarkin Rasha Alekzanda na Biyu ya sa hannu a dokar da ta buɗe wa harshen ƙofar ofis da kotu. Jaridar Päivälehti da aka kafa a 1889 ita ma an rufe ta a 1904, ta dawo da sunan Helsingin Sanomat, wadda har yau ita ce babbar jaridar ƙasar. Manomi a gabas da masunci a yamma, waɗanda karin harshensu ya bambanta kuma ba su taɓa haɗuwa ba, suka zama suna karanta labari ɗaya da rubutu iri ɗaya, har kalmar "mu" ta haɗa su.

Wannan tarihi yana kan titi. A Helsinki, babban birnin ƙasar, za ka bi titunan Runeberginkatu da Lönnrotinkatu da Snellmaninkatu, masu ɗauke da sunayen waɗannan mutane. A dandalin da ke gefen babbar tashar jirgin ƙasa, gaban gidan wasan kwaikwayo na ƙasa, ga gunkin Kivi nan zaune, kai a sunkuye. Abokiyar aikinka mai suna Aino, da kamfanin fansho Ilmarinen, da unguwar Tapiola, duk za ka tarar da asalin sunayen a duniyar Kalevala.

Ga baƙon da ke son fahimtar mutanen ta hanyar rubutunsu, matakin farko shi ne katin laburare. Kyauta ne, ana neman shaida mai hoto da adireshi a cikin ƙasar. Kati ɗaya na Helmet, gamayyar laburaren yankin babban birni, yana aiki a Helsinki da Espoo da Vantaa da Kauniainen, yawancin littattafai ana aronsu kwana 28, wanda ya makara kuma akwai tara. Jaridun ranar suna jere a ɗakin karatu, na larduna kuma ana buɗe su a kwamfutocin wurin. Kada ka fara da Helsingin Sanomat, za ta karya maka gwiwa. Fara da Selkosanomat, jarida mai sauƙaƙen harshe, da gajerun labaran sauƙaƙen Finlanci na Yle, gidan rediyo da talabijin na ƙasa. Labari ɗaya a rana ya isa: ka saurara, ka karanta, ka fitar da kalmomi biyar zuwa goma. Inda mutane ke tuntuɓe shi ne ƙamus. Suna a Finlanci yana sauya siffa har 15, wani lokaci da harafin tsakiyarsa, shi ya sa "a Helsinki" ke zama Helsingissä, kuma wanda bai koyi mayar da kalma tushenta ba zai yi ta nema bai samu ba. Bayan haka harshen jarida daban yake da na titi, don haka karatu kaɗai ba zai sa ka ji hirar wurin shan kofi ba.

Da ƙafa ta kafu, sai ka koma shafin ra'ayin masu karatu, mielipide. A ganina ya fi shafin farko amfani ga baƙo. A nan za ka ga abin da ke ci wa mutane tuwo a ƙwarya: rufe makarantar ƙauye, layin asibiti, sare daji, tilasta wa yara koyon harshen Suwidin. Za ka kuma ga yadda suke musu, da lissafi da gajerun jimloli, ba ɗaga murya. Jaridar lardinka, Aamulehti a Tampere ko Kaleva a Oulu, ta fi ta babban birni gaya maka halin maƙwabtanka. Rawayen allunan kanun labarai da ke ƙofar shaguna kuwa na jaridun yamma ne, Ilta-Sanomat da Iltalehti, an tsara su don jan mai saye, kuma wanda ya auna ƙasar da su zai ɗauka kowa a fusace yake.

Littattafai biyu sun cancanci wahalarsu. Seitsemän veljestä na Kivi, na 1870, labarin 'yan'uwa bakwai ne da suka gudu daji saboda an matsa musu su koyi karatu, a zamanin da coci ba ta ɗaura wa wanda bai iya karatu aure. Wani farfesa, August Ahlqvist, ya yi wa littafin kaca-kaca don ya nuna talakawa da kaushinsu, Kivi ya mutu a 1872 cikin talauci da rashin lafiya, yau kuma ranar haihuwarsa ce ranar adabin ƙasa. Na biyu shi ne Tuntematon sotilas na Väinö Linna, na 1954, kan yaƙi da Tarayyar Sobiyat daga 1941 zuwa 1944, kuma fim ɗinsa na 1955 ana nuna shi a talabijin ranar 'yanci. Sojojinsa masu ƙorafi ne, ba sa son mai girman kai, amma ba sa barin aiki. Wanda ya san su zai fahimci abin da ya sa ma'aikaci ke kiran shugabansa da sunansa tsagwaro. Kowane soja da karin yankinsu yake magana, abin da ke sa mai koyo ya ajiye littafin tun a farko, don haka nemi fassara ko bugun sauƙaƙen harshe mai alamar selko.

Hoton da waɗannan rubuce-rubuce suka zana bai ɗauki kowa ba. Runeberg da harshen Suwidin ya yi waƙarsa, masu wannan harshe kusan kashi 5 cikin 100 ne, suna da jaridarsu Hufvudstadsbladet tun 1864. Mutanen Sami na arewa sun riga jaridun zama a ƙasarsu, an kuma daɗe ana rubutu a kansu ba da bakinsu ba. Musulmi Tatar sun zo tun ƙarshen ƙarni na 19, suka yi rajistar jama'arsu a 1925, amma da wuya ka gamu da su a littattafan da ake ɗaga wa tuta. Mu da muka zo daga baya galibi a labarin ƙididdiga da na laifi muke fitowa, wannan kuwa yana da zafi. Shafin ra'ayi a buɗe yake ga duk mazaunin ƙasar. Ana son wasiƙa gajera, kan batu ɗaya, da cikakken suna da garin da kake, edita kuma yana iya rage ta. Kafin ka aika, ba wani mai harshen ya duba maka ƙarshen kalmomi.