Kurakuraina a Lambu da Tabon da Injin Zarto Ya Bar Mini

Tun da tsadar abinci ta tsananta, matasa da dama a nan Jos suna zuwa wurina da magana iri ɗaya: suna son su sami ɗan fili a bayan gari, su noma abin da za su ci, su sari itacen girkinsu da kansu, su rage dogara da albashi da kasuwa. Niyyar tana da kyau, kuma ni ma da ita na fara. Sai dai na fahimce ta a karkace, domin na ɗauka dogaro da kai shi ne mutum ya yi komai da hannunsa ba tare da ya tambayi kowa ko ya biya kowa ba. Wannan fahimta ta ci mini kuɗi da amfanin gona, daga ƙarshe ta bar mini tabo a kafaɗar hagu wanda har yau yake yi mini tsami idan sanyin Disamba ya sauka. Saboda haka, ƙannena, bari in ba ku labarin yadda abin ya kasance.

Filin da na karɓa haya yana bayan Bukuru, a kan hanyar Barkin Ladi, a gefen wani kududdufi daga cikin waɗanda masu haƙar kuza suka bari. Duk ɗan Filato ya san irin waɗannan ramuka da kamfanonin Turawa suka haƙa tun zamanin mulkin mallaka, waɗanda suka cika da ruwa har suka zama jigon noman rani a yankinmu. Ga kuma sanyin ƙasar, kasancewar Jos tana bisa tudu mai tsayin kusan mita 1,200 daga teku, abin da ya sa kabeji da karas da latas da koren wake da dankalin Turawa suke yi a nan fiye da yawancin ƙasar Arewa. Da na ga ruwa a kusa sai idona ya rufe, ban duƙa na damƙi ƙasar na duba ta ba. Ashe tarin da aka tono daga ramin ne aka baje a wurin, yashi da tsakuwa zalla, ƙasa mai tsami wadda ba ta riƙe ruwa ba ta riƙe taki.

Wani dattijo da ke lambu a maƙwabtaka, wanda ya fi shekarun haihuwata yana wannan sana'a, ya zo ya tsaya a kaina ranar da nake ja fangali. Ya ce, "Malam, wannan ƙasar yunwa take ji. Ka nemi toka da ruɓaɓɓen kashin shanu ka ciyar da ita tukuna, sannan ita ma ta ciyar da kai." Na ce, "Na gode, Baba," amma a raina ina ganin mai takardar makaranta bai kamata ya koma ga toka ba alhali ga buhun takin zamani. Na zuba takin, na ba da ruwa, ruwan ya wanke shi ya wuce da shi ƙasa, shukar ta tsaya rawaya-rawaya kamar mai ciwon shawara. Da na ga haka sai na sayo kashin kaji ɗanye daga gidan gona na zuba, zafinsa ya ƙone dashen kabejin, karas ɗin da ya tsira kuma ya fito da rassa biyu-biyu kamar yatsu, babu mai sayensa. Kashin kaji yana bukatar a tara shi, a riƙa yayyafa masa ruwa ana juyawa har ya huce ya daina wari, kuma tokar da na raina ita ce take rage tsamin ƙasa. Manoman Jos sun daɗe da sanin wannan, ni ne kawai ban tambaya ba.

Kuskure na biyu na haɗama ne. A shekara ta gaba, da ƙasar ta ɗan gyaru, na dasa kabeji a filin gaba ɗaya cikin mako guda, ya kuma nuna gaba ɗaya bayan kusan wata uku, a daidai lokacin da na kowa ya nuna. Na ɗauki hayar mota na kai Kasuwar Farin Gada, na tarar da kabeji jibge kamar duwatsun Shere, dillali ya faɗi farashin da ko kuɗin mota da na lodi bai rufe ba, kuma ba ni da damar komawa da shi domin kayan gwari ba ya jiran kowa. Abin kunya, a wannan makon uwargidana kasuwa ta je ta sayo alayyafo da albasa da attaruhu, domin mai neman dogaro da kai bai shuka ko ɗaya daga cikin abin da tukunyar gidansa take bukata ba. Shawarata ita ce ku fara da ƙaramin wuri da kayan miyan da iyalinku suke ci kullum, ku rarraba shuka tsakanin mako biyu-biyu don girbi ya riƙa zuwa kaɗan-kaɗan, sannan kafin ku shuka abin sayarwa ku je Farin Gada sau da yawa da sassafe, ku zauna da masu kaya, ku ji watan da kowane abu yake tsada da watan da yake zubewa.

Game da cuta, a 2016, shekarar da wata tsutsa ta cinye tumatir a Kano da Kaduna da sauran wurare har kwando ya yi tsadar da ba a saba gani ba, ni ma ban tsira ba, kuma wannan ba laifina ba ne. Laifina shi ne da damina na shuka dankalin Turawa a inda na cire tumatir, ban san cewa tumatir da dankalin Turawa da tattasai da attaruhu da yalo dangi ɗaya ne, cuta ɗaya take bin su ba. Da ruwan Agusta ya kankama, da sanyi da laima da hazon safe, ganyen ya fara baƙi-baƙi, cikin 'yan kwanaki gonar ta zama kamar an yi mata gobara. Maganin wannan ciwo kariya ne, ana fesa shi kafin a ga alama, ni kuwa sai da na ga ɓarna na ruga, na yi feshi ba safa ba takunkumi, na kwana da ciwon kai. Ku karanta takardar da ke jikin kwalba, musamman adadin kwanakin da za a jira tsakanin feshi da girbi, domin abin da kuka fesa 'ya'yanku ne za su fara ci. Injin ban ruwa kuma, tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, ya zama abin da za a yi wa lissafi kafin a ja fangali ko ɗaya.

Yanzu ga maganar da ta sa na ɗauki alƙalami. A iyakar filin akwai bishiyoyin turare, irin waɗanda aka daddasa a tsofaffin wuraren haƙar kuza, suna yi wa lambun inuwa, saiwoyinsu suna shanye ruwa. Mai filin ya yarda in sare uku, na kuma sanar da malaman daji kamar yadda ya kamata. Na nemi wani mai injin zarto daga cikin waɗanda ke kai kaya Kasuwar Katako, ya faɗi ladansa, na ga ya yi yawa. Sai na yi lissafin banza: idan na sayi injin na hannu, ai zan huta da biyan wani har abada. Na saya, mai sayarwa ya nuna mini yadda ake tayar da shi, wannan shi ne dukan karatun da na yi.

Na je ranar Asabar ni kaɗai, da silifa a ƙafa da riga mai faɗin hannu, wayata kuma na bar ta a mota. Bishiyar farko na fara yanka ta daga gefe ɗaya kai tsaye kamar mai yanka rake. Ban san cewa ana fara cire baki ba ne a ɓangaren da ake so ta faɗi, zurfinsa kamar kashi ɗaya cikin huɗu na kaurin gindin, sannan a koma baya a yanka a kwance, a bar ɗan itace tsakanin yankan biyu wanda zai riƙe ta ya bi da ita inda aka nufa. Ban share hanyar gudu ba, wadda ya kamata ta kasance ta baya a karkace, ban kuma ɗaga kai na duba inda ta karkata da inda iska take kaɗawa ba. Bishiyar ta zauna a kan ƙarfen injin ta matse shi, na yi ta fisga, sai ta juya ta faɗi a kan bututun ban ruwa, taku kaɗan daga inda nake tsaye. Mai hankali da a nan ya tsaya ya yi hamdala ya tafi gida. Ni kuwa sai na ce ai mai wuyar ta wuce, saura rassa.

A wajen rassan ne abin ya faru. Injin zarto yana da dogon ƙarfe wanda sarƙa mai haƙora take zagayawa a kansa da gudun da ya kai kusan mita 20 a daƙiƙa ɗaya. Idan saman bakin wannan ƙarfe, wato can ƙarshensa inda sarƙar take juyowa, ya taɓa itace ko wani abu mai tauri, haƙoran sukan cije, sai injin gaba ɗaya ya yi tsalle sama da baya zuwa fuskar mai riƙe da shi, cikin lokacin da bai kai ƙiftawar ido ba, kuma babu ƙarfin damtsen da zai tare shi. Na ɗaga injin sama da kafaɗata don in kai ga wani reshe, babban yatsana na hagu yana kwance a saman mariƙi maimakon ya zagaye shi, bakin ƙarfen ya taɓa wani reshe da ganye ya ɓoye. Ban ga komai ba, sai dai na ji an buge ni na zauna a ƙasa. Abin da ya tsakaita ɓarnar, bayan kiyayewar Allah, shi ne birkin sarƙa, wato shingen nan da ke gaban hannun hagu, wanda wuyan hannuna ya buga ya tsayar da ita. Da safiyar nan ma na yi tunanin cire shi saboda ina ganin yana tare mini hannu.

Duk da haka haƙoran sun tsaga kafaɗar. Dattijon nan da na raina tokarsa shi ne ya ji injin ya yi shiru ba zato, ya leƙo, ya cire rawaninsa ya danne wurin da ƙarfi bai ɗaga ba, ya sa jikansa ya ɗauko babur. Bai zuba ƙasa ko baƙin mai a ciwon ba kamar yadda wasu suke yi, kuma likitan da ya ɗinke ni ya ce dannewar ce ta taimaka, ya ƙara mini da allurar tetanas. Na yi makonni ban ɗaga hannu ba, latas ɗina ya yi tsiri ya yi ɗaci, kuɗin magani da asarar girbi suka ninka ladan da na ƙi biya sau da yawa.

Da na warke na koma wurin mai injin nan da kaina. Bai yi mini dariya ba. Ya karɓi injina ya shafa sarƙar, ya ce, "Yallaɓai, wannan ai a dakushe take, ita ta sa kake dannawa da ƙarfi." Ya nuna mini cewa sarƙa mai kaifi tana fitar da ɓarɓashin itace manya-manya, dakusasshiya kuwa gari take fitarwa kamar dusa, kuma ita ce ta fi saurin yin tsalle. Ya koya mini wasa ta da magagari, da duba ɗaurinta kada ta yi sako-sako, da cika tankin man da ke jiƙa ta duk lokacin da aka zuba fetur. Ya ce fetur ɗin sai an gauraya shi da man da aka yi don irin wannan inji, a bisa awon da kamfanin ya rubuta, wanda a yawancin na zamani kashi 1 ne cikin 50, wato mililita 100 a lita 5, kuma ba a zuba mai injin yana da zafi, ba a tayar da shi a inda aka zuba man. Ana tayar da shi a ƙasa, ƙafa tana danne da mariƙin baya, birki a kulle. Ba a yanka sama da kafaɗa, ba a hawa tsani ko bishiya da shi sai wanda ya koyi wannan aikin musamman, ba a riƙe shi da hannu ɗaya, kuma reshen da nauyin gungume ya lanƙwasa kamar baka yana iya ɗauke haɓar mutum idan aka sake shi ba dabara. Masu kallo, musamman yara da suke taruwa da zarar sun ji ƙara, a kore su nesa da tsawon bishiyar sau biyu.

Kayan kariya kuwa na san za ku ce tsada, kuma da gaske wandon musamman mai zaren da ke shaƙe sarƙa ba ko'ina ake samunsa ba. Amma hular kwano, da tabarau, da safar hannu, da takalmi mai ƙarfe a baki, da abin toshe kunne, duk ana samun su a cikin gari. Ƙarar injin ta wuce desibel 100 a ma'aunin ƙarfin ƙara, kuma mai injin da kansa sai na ɗaga murya yake jina, domin a ƙuruciyarsa babu wanda ya faɗa masa. Wanda ba zai iya sayen waɗannan ba, bai isa sayen injin ba tukuna.

Sauran bishiyoyin biyu shi ya kayar da su, na biya shi ladan da ya fara faɗa ba tare da neman ragi ba, ina tsaye can wajen kududdufi ina kallo. Yanzu ina amfani da injin wajen daddatsa gungumen da ke kwance a ƙasa kawai, kuma ba na yi sai da wani a kusa da waya a aljihu. A damina da ta wuce ɗan yayana ya zo aron injin zai sare wata bishiya a bayan gidansu a Rikkos. Na hana shi, na haɗa shi da mai injin, na ce ya bi shi yana ɗaukar jarka da magagari har ƙarshen rani, sannan ya dawo mu yi magana. Ya yi fushi kwana biyu, amma ya tafi, kuma injin yana nan rataye a ɗakin ajiya, birkinsa a kulle.