Ranar da na miƙa wa Kawu wayata a layin 'yan hatsi

A shekarata ta ƙarshe a makaranta na zaɓi in haɗa wata 'yar manhaja mai nuna farashin hatsi a kasuwannin jiharmu ta Katsina: gero, dawa, masara da wake, daga Dandume, Jibiya, Mashi da Mai'aduwa. Wata biyu ina fama da ita a gaban kwamfuta. Na sa rubutu siriri mai launin toka, na jera zane-zanen alƙaluma kala-kala, 'yan ajinmu kowa ya gani sai ya yaba. Da na kai wa malaminmu, ya ɗan jujjuya ta, sannan ya ce, "Wa ka ba ya gwada?" Na ce abokaina. Ya ce, "A cikinsu akwai mai sayar da gero?"

Sai ya gindaya mini sharaɗi. In nemi mutum biyar masu wannan sana'a, in miƙa wa kowannensu waya, in faɗa masa abu ɗaya da zai nemo, daga nan in ja bakina in yi shiru. Ya ce biyar ɗin ba daga kansa ya fito da ita ba: tun a shekarar 2000 Jakob Nielsen, masanin gwada sauƙin amfani da manhajoji da shafukan intanet, ya yi bayanin cewa gwaji da mutum biyar kan tono yawancin matsalolin da ke cikin tsari.

Da Kawuna na fara, wanda ya daɗe yana auna hatsi a Babbar Kasuwar Katsina. Wajen ƙarfe sha ɗaya ne, rana ta take. Na ce, "Kawu, don Allah nemo mini kuɗin masara a Dandume." Ya goge hannunsa a jikin riga, ya karɓi wayar, ya karkata ta, ya yi mata inuwa da tafinsa, ya matse ido. Rubutun da ya yi mini kyau a ɗaki ya ɓace sarai a hasken kasuwa. An koya mana a aji cewa ƙa'idar WCAG, wadda aka tsara don shafukan intanet su yi wa kowa sauƙin amfani, ta nemi bambancin haske tsakanin rubutu da bayansa ya kai 4.5 bisa 1, har na rubuta haka a jarrabawa na ci, amma sai ran nan na san abin da ƙa'idar take karewa.

Da ya samu ya gani, sai ya tsaya cak. Duk sunayen kasuwannin na ɓoye su a bayan 'yan layukan nan uku da ke saman allo, saboda ni na san a nan ake dannawa. Shi kuwa a wajensa ado ne. Ya ce, "Ɗana, mi kake so in taɓa?" Bakina har ƙaiƙayi yake, amma na tuna sharaɗin Malam. Can ya dace, ya danna Dandume. Sabis ya yi rauni, ba abin da ya motsa. Ya sake dannawa, ya ƙara, har sau huɗu, sannan ya miƙo mini yana cewa ta lalace. Ba ta lalace ba, tana ɗauko bayanin ne, sai dai ban sa ta ce masa komai ba. Mu da ko sallama muka yi ba a amsa ba sai mu ɗauka ba kowa a gidan, ta yaya zan sa ran mutum ya danna abu ya ji shiru ya ci gaba da jira? Kalma biyu, "Ana dubawa", da sun wadatar.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne lokacin da farashin ya fito. Na rubuta shi da kilo, don haka na gani a rahotannin da na karanta. Kawu ya dube shi ya ce, "To nawa ne tiya? Nawa ne buhu?" Tambayar ke nan da yake yi kuma ake yi masa tun safe har magariba. Alƙalumana daidai suke, ba kuskure ko ɗaya, amma ba su zo da ma'aunin da yake ciniki da shi ba, don haka ba su amfane shi da komai ba. Zanen da'irar nan da na yanyanka da launuka, wanda na fi alfahari da shi, ya ce ya yi kama da faifai, ya wuce. Shi so yake ya san abu biyu: nawa ne yau, kuma ya hau ne ko ya sauka daga kasuwar da ta wuce.

A hanyar komawa gida na tuna labarin Harry Beck, wanda taswirarsa ta jiragen ƙarƙashin ƙasa na Landan ta fito a 1933. Ya yi watsi da ainihin nisan da ke tsakanin tashoshi, domin fasinja ba ruwansa da wannan, shi dai ya san inda zai sauka da inda zai canza jirgi. Yaran mota a tasha ma haka suke yi. "Daura, mutum ɗaya!" Sunan gari da gurbin da ya rage, shi ke nan, kuma ba wanda ya taɓa ruɗewa.

Sauran mutum huɗun kusan duk a wuraren nan suka yi tuntuɓe. Guda ya ƙara mini wani abin da ban zata ba. A tsohuwar wayarsa, maɓallin da na rubuta wa "Ƙara kasuwa" ya fito da ɗan akwati a madadin harafin farko, saboda salon rubutun da na ɗauko ba shi da ɓ, ɗ da ƙ. Wannan ya yi mini ciwo ƙwarai. Na san masu cewa a cire lanƙwasar kawai a huta, ni dai ban yarda ba, don kara daban, ƙara daban, kuma ba daidai ba ne mu da muke ƙera wa Hausawa kaya mu zama masu gurgunta musu rubutu. Tun daga nan, kafin in zaɓi salon rubutu sai na fara buga haruffan nan uku, manya da ƙanana, na gani da idona.

Mako uku na yi ina rushewa. Na baƙanta rubutun, na girmama shi. Na fito da sunayen kasuwanni fili, kowanne a kan maɓalli mai faɗin da Google ke ba da shawara ga Android, kimanin milimita 9, yadda babban yatsa zai hau ba tare da ya taɓa na kusa ba. Zane-zanen nan duk na cire su, aka bar kuɗin tiya, kuɗin buhu, da kibiya mai kallon sama ko ƙasa.

Da na koma, Kawu bai tambaye ni komai ba. Ya danna, ya duba, ya ce masara ta sauko, ya miƙa wa maƙwabcinsa. Dattijon ya riƙe wayar ya yi shiru, sannan ya ce shi fa allo ya yi, bokon nan ba ya shige masa, ko za a sa ta riƙa faɗa da baki? A kan wannan nake aiki yanzu, kuma ranar Asabar zan kai masa ya saurari muryar farko.