Holi a Delhi: ka ɓoye farar shaddarka

Duk Bahaushen da ya tashi da kallon finafinan Indiya gani yake ya san Holi, bikin launuka na mabiya addinin Hindu: garin launi na tashi sama, ana kiɗa, kowa na dariya. Wanda ya zo karatu Delhi ko Noida, birnin da ke maƙwabtaka da ita, kuwa, tun saura 'yan kwanaki yake fara fahimta, domin yara kan laɓe a saman bene su riƙa jifan masu wucewa da balan-balan cike da ruwa.

Bikin yana faɗowa ne a cikar watan Phalguna na kalandar Hindu, galibi cikin Maris. Daren jajibere ana hura wuta a unguwanni, ita ce Holika Dahan. Washegari ake wasan launi, daga safe zuwa bayan azahar. Shaguna a rufe suke, jirgin ƙasan cikin gari (Metro) ma sai wajen ƙarfe 2:30 na rana yake fara aiki, don haka a tanadi burodi, madara da ruwan sha tun ana gobe.

Launin iri biyu ne. Gulal busasshen gari ne, ka karkaɗe shi ka yi wanka ya fita. Matsalar tana ga pakka rang, wanda ake damawa da ruwa, da wani fenti mai ruwan azurfa da samari ke cakuɗawa da maiƙo. Waɗannan kan yi kwanaki a kunne da gefen farce. Kafin ka fita, ka shafa man kwakwa a fuska, wuya, hannu da gashi, saboda man yana hana launin kama fata. Waya a leda, tabarau a ido. In an riga an shafa maka, kada ka taɓa ruwan zafi, ƙara zaunar da launin yake yi. Ruwan sanyi, sai garin besan (garin wani irin wake) da aka kwaɓa da kindirmo, a murza a hankali. Masu dirzawa da kananzir fatarsu suke ƙonawa. Game da alwala, rinin da ya shiga fata kawai kamar lalle bai hana ruwa isa ba, amma fentin mai kauri sai an kankare shi tukuna.

Sai batun thandai, madara mai sanyi da almon da kayan ƙamshi. A Holi wasu na zuba mata bhang, wato niƙaƙƙen ganyen wiwi, har cikin lassi (damammen kindirmo) da pakora (wani abu mai kama da ƙosai). Ba ya bugarwa nan take, yakan ɗauki awa guda ko fiye, shi ya sa baƙo ke ƙara kofi na biyu bai sani ba. Ka tambaya kafin ka sha. Gujiya dai, wadda ake soyawa da dafaffiyar madara da sukari a ciki, tana da daɗi ƙwarai.

Abin da ke ci mini rai shi ne a titi ba a neman izini. Mutum bai san ka ba, zai kama fuskarka ya goga, ya ce "bura na mano, Holi hai", wai kada ka ji haushi. A gida wa zai taɓa hular dattijo? A 2025 Holi ta faɗo ranar Juma'a, 14 ga Maris, ana cikin azumi. A wasu garuruwan jihar Uttar Pradesh an rufe masallatai da tamfol, an kuma jinkirta sallar Juma'a. Wanda ya fito da farar shadda a irin wannan rana ya yi asararta, babu wankin da zai dawo da ita. 'Yan'uwanmu mata kuwa, shawarata su tsaya cikin harabar makaranta ko gidan da suka yarda da shi.

Gaskiya maƙwabta na kirki suna da yawa. Za su ɗiga maka ɗan gulal a goshi, su cika maka faranti, in ka ce a'a su ƙyale ka. Amma sai ƙanne su dame ka a waya da neman hotuna, su a ganinsu kana cikin fim. Iyaye mata tambayarsu daban: ka ci abinci, ka samu jam'i? Mu kuma nan Sallah muke lissafi, wa ya kai ɗinki, wa zai raka yara kallon Hawan Daushe bana, ko kuɗin da aka tura ya isa a yi wa auta takalmi.