Tukunya ɗaya, jaka ɗaya: yadda nake dafa giyar sha'ir daga tsiro

Na daɗe ina ja da baya ga dafa giya daga ƙwayar hatsi, domin duk bayanin da na ci karo da shi yana nuna cewa sai mutum ya tanadi tukwane uku, ɗaya ta dumama ruwa, ɗaya ta jiƙa tsiro (wato sha'ir da aka bari ya tsira sannan aka busar), ɗaya kuma ta tafasawa, ga famfuna da tiyo da wurin girke su. Abin da ya sauya mini ra'ayi shi ne wata hanya da ta yaɗu tsakanin masu dafa giya a gida a Ostiraliya cikin shekarun 2000, wadda ake yin komai a tukunya guda, a zuba tsiron cikin jakar yadi mai ƙananan huda, idan ya gama jiƙa a ɗaga jakar, shi ke nan an tace. Kafin na shiga bayani, ya kamata mai karatu ya san matsayin doka a inda yake, domin ko a Amurka sai a 1978 Shugaba Jimmy Carter ya sa hannu a dokar da ta halatta wannan aiki a gida, kuma akwai ƙasashen da har yau haramun ne.

Ga ma'aunin da nake bi don samun lita 10: tukunya mai cin lita 20, jakar da za ta lulluɓe cikinta har a naɗe bakinta a waje, ma'aunin zafi, bokitin roba mai murfi irin na ajiye abinci, kilo 2.3 na tsiron sha'ir da aka ɓarza, giram 30 na furen hof (wata shuka mai yaɗo da furenta ke ba giya ɗaci da ƙamshi), rabin ƙunshin busasshen yis, da ruwa lita 15. Ruwan ya ɗara abin da ake nema ne saboda dusar tana shanye fiye da lita ɗaya, tafasa kuma tana cinye kamar uku. A ɓarza tsiron, kada a niƙa shi ya zama gari, ko da yake jakar tana jure ɓarza mai laushi fiye da yadda tsohuwar hanyar take jurewa.

Inda aikin yake na gaskiya shi ne jiƙo, kuma nan ne nake ganin ya cancanci a tsaya a fahimci dalili. Lokacin da sha'ir ya tsira aka busar da shi, yana ɗauke da sinadarai iri biyu masu farfasa sitaci su mayar da shi sukari. Na farkon ya fi ƙarfi tsakanin digiri 60 da 65 a ma'aunin Salsiyas, kuma sukarin da yake samarwa yis yana cinye shi kusan duka, don haka giyar takan fito marar kauri, marar zaƙi. Na biyun ya fi son wajen digiri 70, kuma yana barin wani sukari mai dogon zare wanda yis ba ya iya ci, abin da ke sa giyar ta yi nauyi a baki. Saboda haka bambancin digiri uku ko huɗu kawai yana iya sauya ɗanɗanon abin da za a sha bayan wata guda. Ni ina dumama ruwan zuwa digiri 69, na kashe wuta, na shimfiɗa jakar, na riƙa zuba tsiron a hankali ina juyawa don kada ya dunƙule, sai zafin ya sauka da kansa zuwa 66. Daga nan na rufe tukunyar, na lulluɓe ta da tsohon bargo, na bar ta awa ɗaya.

A karona na farko na ga zafin ya sauka, sai na kunna wuta jakar tana zaune a gindin tukunya. Yadin ya ƙone, ya huje, dusa ta watsu cikin ruwan, ƙaurin kuma bai bar giyar ba har kwalbar ƙarshe. Wanda zai ƙara wuta ya ɗaga jakar tukuna, ko kuma ya haƙura, domin saukar digiri ɗaya ko biyu a cikin awa ba ta ɓata komai.

Bayan awar ta cika sai a ɗaga jakar, a ɗora ta kan rariya bisa bakin tukunya ta tsiyaye. Wasu suna hana matse ta, wai tana sa bauri. Ni ina matsewa da murfin tukunya kuma ban taɓa jin baurin ba, sai dai tana da nauyi da zafi sosai, a kula da hannu.

Ruwan zaƙin da ya rage ana tafasa shi minti 60 ba tare da murfi ba, domin akwai wani sinadari mai warin dafaffen kayan lambu da ke fita tare da tururi, wanda idan aka rufe tukunyar zai koma ciki. Da zarar ya fara tafasa nake zuba rabin hof ɗin, wanda doguwar tafasa ke fitar da ɗacinsa, sauran rabin kuma sai saura minti 5, domin ƙamshinsa ba ya jure wuta. A tsaya kusa a mintunan farko, saboda kumfa tana tasowa ba zato.

Daga lokacin da aka kashe wuta, tsabta ta zama komai. Tafasa ta kashe ƙwayoyin cuta, amma ruwan zaƙi mai ɗumi abinci ne ga duk wata ƙwaya da ta faɗa ciki, don haka bokiti, murfi, cokali da duk abin da zai taɓa shi sai an wanke, sannan an bi shi da maganin kashe ƙwayoyi wanda aka yi don kayan abinci. Ina sanyaya tukunyar cikin baho mai ruwan ƙanƙara har zuwa digiri 20, na juye cikin bokiti daga ɗan nesa don iska ta shiga, tun da yis yana buƙatarta a farko, sannan na barbaɗa yis ɗin. Abin mamaki ne cewa dokar tsarkin giya ta 1516 ta Bafariya, wani yanki na Jamus, ta ambaci ruwa da sha'ir da hof kaɗai, ba ta ambaci yis ba, alhali shi ne ma'aikacin. Don fitar iskar da tsimuwa ke haifarwa, tiyo siriri da aka cusa a murfi, ɗaya bakinsa cikin kwalbar ruwa, ya wadatar. Bokitin ya zauna mako biyu a wuri mai duhu tsakanin digiri 18 da 21. Idan zafi ya wuce haka da yawa, yis yana gaggawa, ya bar ɗanɗano mai kaifi.

Kayan aiki guda da ban yarda a yi tsimin kuɗi a kansa ba shi ne haidiromita, wato ma'aunin kaurin ruwa. Da wannan haɗin da na bayyana, haidiromitana yakan nuna wajen 1.048 kafin a zuba yis, ya sauka zuwa wajen 1.010 a ƙarshe, abin da ke nufin barasa kusan kashi 5 cikin 100. Amfaninsa mafi girma shi ne tabbatar da cewa tsimuwa ta tsaya: idan lambar ba ta motsa ba cikin kwana uku, an gama. Ɗura giyar da ba ta gama ba cikin kwalba yana iya sa kwalbar ta fashe, kuma wannan haɗari ne na gaske.

Wajen ɗuri ina narkar da giram 60 na sukari cikin ɗan tafasasshen ruwa, na gauraya a hankali ba tare da tayar da lakar gindi ba, na cika kwalabe masu launin ƙasa-ƙasa, domin haske yana ɓata hof ya ba shi wari. Ragowar yis zai cinye wannan sukarin cikin mako biyu, iskar ta narke a ciki ta ba da kumfa. Idan za a zuba a kofi, a karkata kwalbar sannu a hankali, a bar ɗan abin da ya kwanta a gindinta.