Godiyata Bayan Fitowar Sakamako

Assalamu alaikum. Jiya da la'asar sakamako ya fito, kuma alhamdu lillahi na haye kwas ɗin dokar ƙasa da ƙasa, wanda ya kayar da ni bara. Tun jiyan wayata ba ta huta ba, shi ya sa na ga gara in yi godiyar a nan kowa ya samu.

Faɗuwar bara laifina ce, ba na kowa ba. Hadda na yi irin ta aku. Ko daga barci aka tashe ni zan kawo sashe na 38 na kundin Kotun Duniya, mai lissafa tushen dokar ƙasa da ƙasa: yarjejeniya, al'adar ƙasashe, ƙa'idojin shari'a na gama-gari, sai hukunce-hukuncen kotuna da rubuce-rubucen masana a matsayin mataimaka. Da aka ajiye mana labarin ƙasashe biyu masu rigima a kan tsibiri aka ce mu warware, sai biro ya tsaya cak.

Bayan Allah, godiyar farko ta Kawu ce, mutumin da ko aji ɗaya na boko bai yi ba. Da hutu ina zaune a rumfarsa a Kamba, yana auna gero ina bitar shari'ar iyaka tsakanin ƙasashen Binin da Nijar, sai ya ji na ambaci tsibirin Lete. Ya ajiye tiya ya ce, "Ke ɗiyata, Leten da na sani, ta bayan Gaya?" Ashe tun yana saurayi yake jin labarin faɗan manoma da makiyaya a tsibirin nan. Na ce masa a 2005 Kotun Duniya da ke birnin Heg ta raba gardamar: ta bi hanyar ruwa mafi zurfi da jirage ke bi a Kogin Kwara kamar yadda take lokacin samun 'yanci a 1960, Lete ta faɗa wa Nijar.

Ya yi shiru, can ya ce, "To in Binin ta ƙiya fa? Ina sojojin kotun?"

Wallahi tambayar nan ta fi duk wadda aka yi mana a jarrabawa wuya. Kwana uku ina bincike kafin na koma masa. Kotu ba ta da soja ko ɗaya. Abin da sashe na 94 na kundin Majalisar Ɗinkin Duniya ya tanada shi ne a kai kuka Kwamitin Sulhu. Na kawo masa misalin Bakasi: an yanke hukunci ranar 10 ga Oktoban 2002, Obasanjo da Biya, shugaban Kamaru, suka sa hannu a yarjejeniyar aiwatarwa a 2006, Najeriya ta kammala miƙa wa Kamaru yankin a Agustan 2008, duk da ta fi ta ƙarfi. Kawu ya gyaɗa kai ya ce, "Alƙawari kaya ne." Shi bai sani ba, sashe na 26 na Yarjejeniyar birnin Biyana ta 1969 kan dokar yarjejeniyoyi ke nan ya faɗa, wanda na sha wahalar haddace Latinancinsa.

Malam, Allah ya saka da alheri. Ku ne kuka zaunar da ni a ofis kuka nuna min dalilin da ya sa sa hannun shugaban ƙasa kaɗai ba ya mayar da yarjejeniya doka a Najeriya, sai Majalisar Tarayya ta zartar, kamar yadda sashe na 12 na tsarin mulkin 1999 ya ce. Ko sau ɗaya ba ku yi min gorin faɗuwa ba.

Inna, na san tunkiyar da kika sayar aka biya kuɗin rajista, duk da kin hana a gaya min. Yaya, kuɗin mota da na hotokwafi ba su ƙirguwa. 'Yan rukuninmu na karatun dare da muka raba gari da ƙuli a ƙarƙashin fitilar waya, Allah ya bar zumunci. Wanda na manta ya yafe min.

Kawu kuma ya aiko a gaya min har yanzu bai gamsu da maganar sojojin nan ba. Kawu, ina nan tafe ranar Juma'a in Allah ya yarda, a ajiye min tabarmata a rumfa.